Dangwale ko lambar sirri: wanne ya fi tsare maka kuɗi?

1/ Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, da wuya ka samu baligin da bai taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba. Katin zaɓe, BVN, NIN, ga kuma wayar hannu. To yatsan nan ya fi lambar sirri tsaro kuwa? Ku biyo ni, amsar tana cikin tarihinsu.

2/ Mu fara da yatsa. A 1858 wani jami'in Turawan mulkin mallaka a Indiya, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya, don kar ya zo daga baya ya ce ba shi ba ne. Zuwa 1877 yana karɓar dangwalen masu fansho, saboda dangi su daina cin kuɗin mamaci.

3/ Ku lura da abin da ya dame shi. Yana son shaidar cewa wane ne da kansa ya zo. Maganar ɓoye sirri ba ta ma taso ba, tunda zanen yatsa abu ne da muke bari a kofin shayi, ƙofar mota da gilashin waya kullum. A 1892 ma da irin wannan sawun yatsa aka kama wata mai kisan kai a Ajantina.

4/ Ita kuwa kalmar sirri ta kwamfuta ta bayyana ne wajen 1961 a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya. Ba a jima ba, a 1962, wani ɗalibi Allan Scherr ya buga jerin kalmomin sirrin kowa a takarda, don awa 4 da ake ba shi a mako ta yi masa kaɗan. Ciwonta ke nan tun ranar gini: ana iya kwafe ta.

5/ Mu dawo gida. INEC a zamanin Farfesa Attahiru Jega ta ɗauki zanen yatsun masu zaɓe a rajistar 2011. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014. A zaɓen 2015 aka shigo da kad rida. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. Ƙananan hukumomin nan huɗu, da suke mazaɓa ɗaya ta majalisar wakilai, duk sun bi wannan layi.

6/ Ranar 28 ga Maris 2015 na'urar ta nuna halinta. Shugaban ƙasa Goodluck Jonathan da kansa ta ƙi tantance shi a Otuoke, sai da aka koma takarda. Idan ta yi wa shugaba haka, ina ga manomin riɗi a Gagarawa da fartanya ta goge masa yatsu?

7/ Matsalar farko ke nan: na'ura ta ƙi mai gaskiya. Aikin ƙarfi, tsufa, kaushin hunturu, gumi ko maiƙo duk suna hana zanen fita. Shi ya sa BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita take duba yatsa, idan ya ƙi ta duba fuska.

8/ Matsala ta biyu ta fi haɗari: na'ura ta karɓi na bogi. A 2002 wani malamin jami'a a Yokohama ta Japan, Tsutomu Matsumoto, ya ƙera yatsu da sinadarin da ake yin alewa mai danƙo. Ya gwada a na'urori 11, dukkansu suka ruɗu.

9/ A Satumbar 2013 Apple ya fitar da iPhone 5s mai buɗewa da yatsa. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta ɗauki sawun yatsa daga gilashi, ta yi na roba, ta buɗe wayar. A 2014 ɗaya daga cikinsu, Jan Krissler, ya nuna ya kwafi babban yatsan ministar tsaron Jamus daga hotunanta kawai.

10/ Amma ba nan gizo ke saƙar ba. A 2015 an kutsa ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Da kalmar sirri ce, da safe kowa ya canza tasa. Yatsa fa? Guda 10 gare ka, kuma da su za ka koma ga Allah.

11/ Kar ku ce kenan yatsa banza ne. Apple ya ce yiwuwar yatsan wani ya buɗe wayarka bisa dace 1 ne cikin 50,000, alhali lamba mai harufa 4 ana iya cintar ta 1 cikin 10,000. Mai harufa 6 kuwa 1 cikin miliyan. Sharaɗin shi ne kar ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka.

12/ Ƙera yatsan roba aiki ne mai wahala, sai an bi mutum takanas. Ɓarawon da ya fizge waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba shi da wannan lokacin. Shi abin da ya fi masa sauƙi ya tsaya bayanka a wajen mai POS, ya haddace lambar da ka danna.

13/ Kuma ba wanda zai kira ka a waya ya ce "daga banki ne, karanto min yatsanka". Lambar sirri kuwa da baki ake karɓe ta. Dattijo ya sayar da sa, ya miƙa wa yaro katin ATM ya faɗa masa lambar don ba ya son dannawa. Nan kuɗinmu suka fi tafiya.

14/ Shi ma yatsa yana da ɓarayinsa na cikin gida. Kana barci ana iya ɗora shi a waya. Ana iya kama hannunka da ƙarfi. Abin da ke cikin kai kuwa sai ka furta.

15/ Masu ƙera waya sun san haka. Wayar zamani ba hoton yatsanka take ajiyewa ba, lissafinsa ne take kullewa a cikinta. Duk da haka idan ka kashe ta ka kunna, ko yatsa ya ƙi sau da yawa, lamba take nema. Ashe tsaron wayarka bai wuce ƙarfin lambarka ba.

16/ To abin yi: buɗe waya da yatsa a cikin mutane, don kar a ga lambarka. Lambar ta zama harufa 6 ko fiye, ta waya daban ta banki daban. Kar ka sa yatsan aboki ko budurwa a wayar da kuɗinka ke ciki. Wanda ya ce ka dangwala don "tallafi", tambaye shi wace hukuma ce ta turo shi.

17/ Idan kuna da iyaye ko kakanni masu asusun banki, ku zauna ku koya musu danna lambarsu da kansu, su rufe da ɗaya hannun. Wanda ya taɓa faɗa wa wani tasa, a raka shi ya canza ta a makon nan. Ku tura wa na gida. Allah Ya tsare mana halaliyarmu.