Ba kowane ciwon fitsari ba ne “sanyi”: Sunayen cututtukan ƙoda da mafitsara da ma'anarsu

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, kalma ɗaya ce galibin masu larurar fitsari kan zo da ita wajen likita ko mai kemis, wato “sanyi”. Da mai jin zafin fitsari, da mai ganin jini a cikinsa, da dattijon da fitsari ya ƙi fita, duk sanyi suke cewa. Alhali waɗannan cututtuka ne mabambanta, kowace da sababinta da maganinta. Wanda ya kira cutarsa da sunan wata zai iya kwashe watanni yana sayen maganin da ba nasa ba, ainihin ciwon kuwa yana ci gaba da cin jikinsa.

Gaɓoɓin da ke aikin fitsari

Ƙoda guda biyu ce, tana can ta baya a ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwan jini kusan lita 180, jiki ya mayar da mafi yawansa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Ƙoda tana kuma taimakawa wajen daidaita bugun jini da gishirin jiki da samar da sabon jini.

Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke gangaro da fitsari zuwa mafitsara, wato jakar da ke tara shi a cikin mara. Mafitsarar baligi tana ɗaukar kusan rabin lita, kwatankwacin ledar ruwa ɗaya. Daga nan sai bututun da ke fitar da shi waje, wanda tsawonsa a jikin mace kimanin santimita 4 ne, a jikin namiji kuwa kusan 20.

Akwai kuma furostet, wani ƙululu mai girman goro da maza kaɗai ke da shi a wuyan mafitsara. Sau da yawa akan ji ana cewa “sankarar mafitsara” alhali sankarar furostet ake nufi, kuma cututtuka biyu ne daban.

Cutar hanyar fitsari

Ƙwayoyin bakteriya ne ke haddasa ta, galibi waɗanda ke fitowa daga hanji. Alamominta su ne zafi yayin fitsari, da yawan jin fitsari, da ciwon mara. Ta fi kama mata saboda gajartar bututunsu. Idan ta haura zuwa ƙoda sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi su biyo baya. Ba ita ce ciwon sanyin da ake ɗauka ta hanyar saduwa ba, ko da yake shi ma yana sa zafin fitsari. Gwaji ne kawai ke bambance su.

Tsargiya

Ita ce fitsarin jinin da aka saba gani a jikin yara da masunta da manoman shinkafa. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma a jikin ƙananan katantanwar ruwa, sannan ta ratsa fatar wanda ya shiga ruwan. Don haka mazauna gaɓar Kogin Haɗejia, da masu aikin fadama, da masu wanka ko wanki a madatsun ruwa irin na Warwaɗe da ke kusa da Dutse, su ne ya kamata su fi lura. Jinin yakan fito ne a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka ana ɗaukarsa alamar balagar yaro, amma ba haka ba ne. Idan aka bar ta shekaru, tsargiya tana iya toshe bututun fitsari, ta lalata ƙoda, ko ta kai ga sankarar mafitsara. Maganinta firazikwantel ne, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon mutum.

Tsakuwar ƙoda

Sinadaran da ke cikin fitsari ne ke dunƙulewa su zama tsakuwa. Idan ta motsa takan haifar da azababben ciwo daga kwiɓi zuwa mara. Ƙarancin shan ruwa yana cikin manyan sababanta, abin lura ga 'yan kasuwa da masu aiki a rana a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Jigawa.

Riƙewar fitsari da yoyon fitsari

Riƙewar fitsari ita ce mafitsara ta cika amma fitsarin ya ƙi fita. Ta fi samun mazan da suka haura shekara 50, yawanci saboda kumburin furostet. Lamari ne na gaggawa, kuma a asibiti akan sa robar fitsari domin a sauke shi.

Yoyon fitsari kuwa ɓulewa ce tsakanin mafitsara da gaban mace, wadda doguwar naƙuda ta fi jawowa, sai kuma yankan gishiri. Ba jifa ba ne, kuma tiyata tana gyara mafi yawansa. A Babban Asibitin Jahun, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana yi wa mata wannan aiki kyauta tun 2008. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Mayun kowace shekara domin yaƙi da larurar.

Gazawar ƙoda

Iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, wadda ke biyo bayan zubar jini mai yawa, ko amai da gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma sau da yawa ƙodar tana farfaɗowa idan an yi gaggawa. Akwai kuma mai daɗewa, wadda ta wuce wata uku, aka kasa ta mataki biyar. Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen kawo ta. Yawan shan magungunan kashe raɗaɗi irin su dikulofenak da ibufurofen ba bisa umarnin likita ba, da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, su ma suna yi wa ƙoda illa. Haɗarinta shi ne ba ta nuna alama da wuri. Kafin a ga kumburin fuska da ƙafa, da kumfa a fitsari, da kasala, ɓarnar ta yi nisa.

A mataki na ƙarshe sai wankin ƙoda, inda na'ura ke tace jinin majiyyaci na kusan awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, ko kuma dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002.

Gwaje-gwajen da akan rubuta

Gwajin fitsari yana nuna jini ko suga ko furotin. Renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji yana bayyana maganin da zai kashe su. Gwajin kiriyatinin a jini yana auna ƙarfin aikin ƙoda, hoton ciki kuma yana nuna tsakuwa ko toshewa. Manyan asibitoci irin su Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su ne wuraren neman irin waɗannan gwaje-gwaje.

Abin da ya fi amfani ga majiyyaci shi ne ya faɗa wa likita abin da yake gani dalla-dalla: launin fitsarin, da yawansa, da inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da magungunan da ya riga ya sha. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa ya kamata a auna ƙodarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da kuwa yana jin garau.