Bindigar Toka da Albarushinta a Tarihin Kano

Wanda ya tsaya a Bata, inda hanyoyin Fagge da na Sabon Gari suke gamuwa, wurin da ya gaji sunansa daga kantin takalman kamfanin Bata, da wuya ya kawo a ransa cewa filin nan da ke cike da hayaniyar motoci yana maƙwabtaka da zangon da ayarin Buzaye da fataken Larabawa suka riƙa sauke kayansu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Alhali kuwa a cikin kayan nan da raƙuma suka tsallako Sahara da su daga Tarabulus, ban da takarda da alharini da takubba, akan sami bindiga jefi-jefi, da abin da ya fi ta wuyar samu, wato albarushi.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, sa'ad da wani mai suna Dagaci ya zo daga Barno da jama'arsa, ko da yake malaman tarihi da dama suna ganin lokacin ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi tabbata shi ne, Mai Idris Alauma na Barno ya yi yaƙi da 'yan bindigar da Turkawa suka horar a ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta, kuma a zamanin Sarkin Kano Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, an shigo da bindigogi Kano, har Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, ya zama sarkin farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka bindiga ba ta ture doki da mashi da kwari da baka ba, domin a 1826, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kewaye Gobirawa a Konya da mayaƙan da Baturen nan Clapperton ya ƙiyasta sun kai dubu 50, bindigogin da ya ƙirga a cikin rundunar duka 42 ne.

Dalilin wannan ƙaranci yana bayyana ga duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗura irin bindigar nan. Sai mutum ya tsayar da ita a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki daga ƙaho ko 'yar gora, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya sa dalma ko gutsattsarin ƙarfe, ya sake dannawa, sa'an nan ya duba ƙanƙarar da za ta ƙyasta wuta, idan kuwa raɓa ta taɓa albarushin to wahalar ta tashi a banza. Kafin ya gama wannan hidima maharbi da baka ya saki kibau da yawa, barde kuma ya iso kansa, shi ya sa har yau jama'a suke kiranta harba-ka-ruga. Bayan wannan kuma, gawayi ne kaɗai daga cikin mahaɗin albarushi yake hannun kowa, kibiritu kuwa galibi sai an kawo daga nesa, saboda haka mai bindiga a kullum yana ƙarƙashin mai rumbun albarushi. A ganina sarakuna sun fahimci wannan sarai, shi ne hikimar da ta sa suka danƙa bindiga a hannun bayin fada, suka tsare albarushi a cikin gidan sarauta, domin hakimin da ya tara dawaki yana iya yin tawaye, amma bawan da ake auna masa albarushi ranar fita yaƙi ba shi da wannan iko.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fanni a ƙasashen nan shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, domin bai tsaya ga saye daga Larabawa ba, sai da ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birnin Zinder. Daga kudu kuma, ta hanyar Nufe, dogayen bindigogin nan da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam suka riƙa hauhawa, waɗansunsu tsofaffin kayan soja ne da Turawa suka daina amfani da su. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels, suka hana sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani masu cin harsashi ta baya, amma suka bar cinikin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa, suna cewa don hana cinikin bayi ne. Mai hankali dai ya san wanda hukuncin ya amfana. Rabe ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga, Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta ɓarke a shekarar, Sarki Alu kuma ya ƙara tara 'yan bindiga, amma da Baturen nan Kanar Morland ya iso Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 da igwa da bindiga mai ruwan harsashi, Sarki yana can wajen Sakkwato, garin ya faɗi a yini guda.

Daga nan sai matsayin bindigar toka ya sauya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, ciniki ya juya daga raƙumi zuwa reluwe, bindigar kuwa ta sauka daga fagen fama zuwa hannun mafarauta da masu tsaron gona, maƙeran gida kuma suka ƙware wajen ƙera ta da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, abin da yakan jawo ta fashe a hannun mai ita idan ya cika mata ciki. Dokar makamai ta 1959 ta lissafa ta cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa. Darajar da ta rage mata ita ce ta ranar hawan Salla, inda 'yan bindigar Sarki suke ɗura albarushi zalla ba dalma, su saki ƙarar da takan firgita dokin da bai saba ba, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu.

A gidajen tsofaffin mafarauta da zuriyar bayin fada har yanzu akan tarar da irin ta dā a jingine a ƙuryar ɗaki, an ɗaure gindinta da fata, an rataya mata laya, wani lokaci idan aka goge tsatsa sai a ga tambarin kambin sarautar Ingila a jikin ƙarfen. Magada da yawa ba su san ƙimarta ba, sai ta ƙare a hannun 'yan gwangwan da suke awon ƙarfe da kilo. Wanda Allah ya sa ya gaji irin wannan, ya dace ya sanar da hukuma yadda doka ta tanada, ya miƙa ta ga gidan tarihi na Gidan Makama, tare da rubuta sunan kakan da ya riƙe ta da yaƙi ko farautar da aka san ta je.