Gargaɗi a Jikin Kwali, Ciniki Kara-Kara

A unguwar Zaitawa da ke cikin birnin Kano, kamar sauran unguwannin cikin ganuwa, da wuya ka ga mashayin taba ya sayi kwali guda. Kara ɗaya zai ce wa mai tireda ya ba shi, ko biyu, ya kunna ya wuce. Kwalin, wanda ƙasashen duniya suka shafe fiye da shekara hamsin suna jayayya da kamfanoni kan abin da za a rubuta a jikinsa, sai ya zauna a hannun mai tireda.

Amurka ce ta fara. Bayan rahoton babban likitan gwamnatinta na 1964 ya danganta sigari da kansar huhu, majalisa ta yi doka a 1965, gajeren gargaɗi ya hau gefen kwali a 1966. Ingila ta bi sahu a 1971. Da aka ga ƙananan haruffa ba sa tsayar da kowa, Kanada ta soma buga hotuna masu launi a 2001, na ruɓaɓɓen dasashi da lalataccen huhu, har rabin kwali. Ostireliya ta zarce kowa a Disamba 2012, ta hana tambari da ado baki ɗaya.

A Najeriya, inda kamfanin NTC ya buɗe masana'antar sigari a Zariya tun 1959, sai a 1990 aka samu doka mai lamba 20, zamanin Janar Babangida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Ita ta wajabta rubuta cewa mashaya taba na iya mutuwa da ƙuruciyarsu. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, kuma a 2007 gwamnatin Kano na cikin waɗanda suka maka manyan kamfanonin sigari a kotu. Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka a 2015, amma hotuna ba su zama tilas a kwali ba sai Yunin 2021.

Hoton ci gaba ne na gaske, domin rubutun da Turanci yake, kuma dattijon da ya yi karatun allo ko ɗan dakon Kasuwar Kurmi ba lalle ya karanta shi ba. Huhu mai ciwo kuwa kowa ya gani ya gane. To amma wa ke ganinsa? Dokar 2015 ta hango wannan giɓi: ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai a kwali mai kara 20 aƙalla, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan sashe ne ya fi shafar Zaitawa, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi, har yau ana aiken yara sayo kara ɗaya a bakin lungu.