Suna da Magani: Tarihin Jinyar Yaro Mai Galahanga a Yankin Kalmalo

Kalmalo gari ne na bakin tafki a ƙasar Illela, arewa da Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni. A nan ma, kamar kowane gari, akan haifi yaro wanda jikinsa lafiya lau, kunnensa na ji, amma ya kai shekara 3 ko 4 bai yi magana ba. In an kira shi ba ya waiwayowa, ba ya shiga wasan tsaransa, yakan nace wa abu guda yana ta maimaitawa, in kuwa an sake masa abin da ya saba sai ya fusata. Likitoci suna kiran wannan hali otizim, gidajen rediyon Hausa kuwa sukan ce galahanga. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa tun zamanin da har yau, maganin da akan yi wa irin wannan yaro yana bin sunan da aka laƙaba masa ne.

Hausawan da ba su ware wa wannan hali suna nasa na kansa ba, sai sukan sa yaron cikin ɗayan sunayen da suka riga suka sani. In an ce bebe ne, sai a kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshensa ya yanke linzami. In an ce iska ce ta shafe shi, sai a nemi rubutun sha da laya wurin malam, ko hayaƙi wurin boka, ko kuwa a kai shi ga 'yan bori. In an ce dolo ne, to ba a neman magani, sai a bar shi cikin gida yana ƙananan aikace-aikace. Sunan da ya fi duka haɗari shi ne ɗan ruwa, watau a ce aljanun ruwa ne suka musanya jaririn da nasu, domin wanda aka cire daga cikin 'yan Adam ba a cika ganin wajibcin jinyarsa ba.

Bayan jihadin 1804 shugabannin Sakkwato sun hana bori, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani bisa tafarkin Sunna. Shari'a ta ɗora wa waliyyi kula da wanda hankalinsa bai cika ba, da shi da dukiyarsa. Duk da haka bori bai mutu ba a ƙasashen Ƙonni da Adar da Arewa. Iyakar da Ingilishi da Faransawa suka daidaita a kanta a 1906 ta raba mulki, amma ba ta hana mai neman magani ƙetarawa ba.

Mulkin Turawa ya zo da nasa sunan, watau mahaukaci na doka. Dokar mahaukata ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1958, tsarewa suka fi kula da ita, ba warkarwa ba, har ma a Arewa akan ajiye masu taɓin hankali a gidajen yarin En'e. Likita Thomas Adeoye Lambo ne ya sake hanya a 1954, da ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abekuta. Asibitin masu taɓin hankali na Kware, wanda ke kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, ya zama na Gwamnatin Tarayya a cikin shekarun 1990, shi ne kuma irinsa mafi kusa da mutanen Kalmalo.

Kada mai karatu ya zaci Turai ta tsira daga wannan tarko na suna. Leo Kanner ne ya siffanta halin a 1943, bisa ga yara 11 da ya duba a Baltimo ta Amurka, sa'an nan Hans Asperger ya biyo baya a Biyana a 1944. Ba a jima ba aka ce rashin ƙaunar uwa ne ke kawo shi, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya yaɗa a littafinsa na 1967, saboda haka maganin ya zama raba yaro da uwarsa. Binciken tagwaye da Folstein da Rutter suka yi a 1977 ya nuna gado yana da babban hannu a ciki, iyaye mata suka fita daga zargi. A 1978 kuma Victor Lotter ya duba yara wajen 1,300 a ƙasashen Afirka 6, har da Nijeriya, ya tarar halin yana nan, ba na Turawa kaɗai ba ne.

Da aka gane cewa abin daga ginin ƙwaƙwalwa yake, sai magani ya koma koyarwa. Ivar Lovaas ya ba da rahoto a 1987 a kan yara 19 da aka horar sa'a 40 kowane mako, 9 daga cikinsu suka iya zama aji ɗaya da tsaransu, ko da yake masana da manya masu wannan hali sun soki tsananin hanyar tasa daga baya. Game da ƙwayoyi kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da risferidon a 2006, da arififirazol a 2009, amma don rage fushi da jin wa kai rauni kaɗai. Ba sa koya wa yaro magana, kuma sukan jawo ƙiba da yawan barci. Har yanzu babu ƙwayar da ke kawar da halin.

Nan ne maganar ta dawo hannun masana harshe da malaman makarantun horon malamai. Tun da yake koyar da magana da cuɗanya shi ne jigon taimakon, lalle ne a yi shi da harshen da yaro ke ji a tsakar gida, a bakin uwarsa da kakarsa, ba da kayan gwajin da aka tsara wa yaran Ingila ba. Har wa yau kalmar galahanga kanta tana da rauni, gama akan haɗa ta da wasu larurori dabam, kamar shanyewar gaɓoɓi ta tun haihuwa, alhali kuwa jinyarsu ba ɗaya ba ce. Dokar hana wariyar naƙasassu ta 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 a madadin ta 1958, sun ba yaron hakki a rubuce. Amma malamin firamare na Kalmalo yakan riga likitan Kware ganinsa. In ya san halin, ya kuma iya bayyana shi ga iyaye da Hausa tsantsa, yaron zai sami malami maimakon askar wanzami, tun yana ƙarami, lokacin da koyarwa ta fi kama shi.