Ajin Koyon Zane Mai Sauya Fasali da Yanayin Nguru da Gashua

Aji mai sauya fasali shi ne wanda ba a kafe kujeru da teburansa a ƙasa ba, ana jera su ko a haɗe su gwargwadon aikin da ke gaba. Fannin zane da tsara kayayyaki ya fi kowane buƙatarsa, domin ɗalibi kan fara da fensir a takarda, ya koma kwamfuta, ya yanka kwali ko fata ya haɗa samfuri, sannan ya manna aikinsa a bango malami da abokan karatu su yi masa gyara. Ajin da kowa ke fuskantar allo ɗaya ba ya ɗaukar wannan kai-kawo.

Ɗaya daga cikin sanannun misalansa shi ne tsarin SCALE-UP, wanda Robert Beichner ya ɓullo da shi a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka a shekarun 1990 don koyar da fiziks. A tsarin, ɗalibai tara ke zagaye teburi mai da'ira, a kasa su uku-uku, kowane rukuni da kwamfutarsa.

A arewacin Yobe, makarantun da batun ya shafa sun haɗa da Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman a garin, da Kwalejin Ilimi da Nazarin Shari'a ta Nguru. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, shi ne babbar hanyar samun kuɗin gine-gine a manyan makarantun gwamnati.

Sai dai yanayin yankin ne ke shata abin da zai yiwu. A bazara zafi kan haura digiri 40, a hunturu kuma ƙura kan toshe majigi da na'urar buga takardu, ga ɗaukewar wuta. Don haka ginin ya fi na'urorin muhimmanci: silin mai tsayi, tagogi a ɓangaren arewa da kudu don iska ta ratsa ba tare da ranar safe da ta yamma ta shigo kai tsaye ba, baranda mai ba da inuwa, da kabad mai rufuwa sosai. Sola da batura su riga allon zamani zuwa, in ba haka ba allon ya zama kwalliyar bango. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta teburi dacewa, saboda ba ta cin wuta da yawa, kuma tana da batirinta. Soket ma sai an rarraba shi a faɗin ɗakin. Idan duk yana bango ɗaya, tebura masu taya za su koma inda wayar take.

Akwai kuma buƙatar fili a ƙasa. Saƙar tabarma da kaba tsohuwar sana'a ce a fadamun Haɗejiya da Nguru, kuma a zaune ake yinta. Ajin da za a iya ture teburansa gefe a shimfiɗa kaba yana ba da damar gayyato masaƙi ya koyar a ciki, ɗalibai kuma su kwafi fasalin saƙar zuwa kwamfuta a zama guda.