Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Tsofaffin Makaɗa Suke Komowa Fage

Ya kai mai karatu, in kana cikin waɗanda suka yi samartaka a Dogon Kiriya ko Matankari ko Tibiri zamanin mulkin Seyni Kunce, ka san yadda akan yi da dare. A ci tuwo, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kewaye akwatin rediyo guda ana sauraron Muryar Sahel daga Yamai. Tsakanin wannan shiri da wancan akan sa wani kiɗa mai sanyi, ba ganga, ba goge, ba muryar mutum. Ka ji shi ya fi a ƙirga, amma da wuya in ka san mai shi. To, yau labarinsa za mu ba ka, da na waɗansu takwarorinsa da aka manta da su, sa'an nan duniya ta komo tana nemansu bayan sun yi furfura.

Sunansa Mamman Sani Abdulaye. Ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO, cikin tafiye-tafiyen aikin kuwa ya sayi wani abin kiɗa mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, wanda ake latsawa da yatsu. Da shi ya riƙa juya waƙoƙin gargajiya na ƙasarmu, yana kuma ƙaga nasa. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai aka ɗauki kiɗansa, aka yi kaset, amma kaɗan ƙwarai aka buga. Rediyo da talabijin suka yi ta amfani da kiɗan shekara da shekaru. Kiɗa ya shiga gidaje.

Bayan shekara talatin da ƴan kai, wani Ba'amurke mai neman tsofaffin kiɗe-kiɗe, Christopher Kirkley, ya yi kiciɓis da kaset ɗin nan a Yamai. Ya nemi mai shi har ya same shi. A 2013 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya sāke buga kiɗan a faifai, aka shiga sayarwa a Turai da Amurka. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani zuwa Turai, ya bi birane yana wasa gaban samari da ƴan mata waɗanda ba a ko haife su ba lokacin da aka ɗauki kaset ɗin.

Kada ka ce a kansa aka fara. A ƙasar Kuba, cikin 1996, an tattara waɗansu dattawan makaɗa a birnin Havana aka yi faifan da ake kira Buena Vista Social Club. Ɗaya daga cikinsu, Ibrahim Ferrer, ya riga ya bar waƙa, har yakan goge wa mutane takalma don ya sami na cefane. Wani kuma, Compay Segundo, haihuwar 1907 ne, watau ya kusa shekara 90. Faifan ya fito a 1997, a 1998 sai ga su a babban zauren Carnegie na birnin New York, jama'a ta cika maƙil.

A nan kusa da mu ma an yi haka. Ƙungiyar Baobab ta Dakar, wadda aka kafa a 1970, ita ce ta riƙe Senegal wajen shekara goma. Da sabon kiɗan su Youssou N'Dour ya shigo, matasa suka juya mata baya, ta watse a 1987. Mai kaɗa mata gita, Barthélemy Attisso, ya ajiye gitarsa ya koma Lome yana aikin lauya. Amma wani faifai da suka yi a 1982 bai mutu ba, aka yi ta sāke buga shi a Ingila. A 2001 aka sāke haɗa su suka yi wasa a Landan, a 2002 suka yi sabon faifai, shi Youssou ɗin nan da ya ture su yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin.

Me ke sa mutane su biya kuɗi don su ga dattijo yana waƙar da ya yi tun yana saurayi? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai sauraro ƙuruciyarsa yake nema: dandalin da ya yi rawa, budurwar da ya yi zance da ita, abokan da suka riga shi. Shi kuma makaɗi yana da nasa dalili. Mafi yawansu ba su da fansho, kuma zamanin kaset kowa kwafa yake yi ya sayar a kasuwa, ko dala ba ta kai ga mai waƙa. Yawon wasa a tsufa, ga da yawa, shi ne karo na farko da waƙarsu ta ciyar da su sosai.

Sai dai abin yakan zo a makare. Compay Segundo ya rasu a 2003, Ibrahim Ferrer a 2005, ba su daɗe suna cin moriyar ba. Wani kuma ko fagen ba ya kaiwa. A 2002 Malam Mamman Barka, wanda ka sani da gurumi, ya tafi bakin tabkin Chadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma, wanda ya kusa ɓacewa. Tsohon ya rasu bayan ƴan shekaru. Almajirin ne ya kai biram Turai, ya yi masa faifai a 2009, shi ma ya rasu a 2018.

Ka lura da abu guda cikin labaran nan duka. Kowane ya komo ne don wani ya adana kaset, ko ya riƙe faifai, ko ya zauna gaban tsoho ya koya. Ka kuma lura, sau da yawa baƙo ne daga nesa yake zuwa ya tono mana abinmu. Ƙasarmu ta yi nata ƙoƙari: tun 1987 aka kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, a Yamai kuma aka buɗe makarantar kiɗa da sunan Alhaji Taya. Amma su biyun bayan ran masu sunan aka yi su.

To, a Arewa fa? Akwai masu goge da masu gurumi da zabiyoyin da suka raya dandalin samariya, yau suna zaune a zaure ba mai tambayarsu. Akwai kaset cikin akwatin ƙarfe da zafi da ƙura suke ci. Kai da ka iya karatu da rubutu, je ka gaida su. Ka ce, "Baba, yi mini waƙar nan ta dā," ka ɗauka da wayarka, ka rubuta sunansa da garinsa da shekarar da ya yi ta. In an tashi biki a garinku, a kira shi tare da yara masu sabon kiɗa, a ba shi wuri, a yi masa kari yana ji yana gani. Girman da aka yi wa mutum yana da rai shi ne wanda yake ganewa.