Tarihin Nasiha da Sasanci a Karare da Ƙasar Ruma

Karare gunduma ce a ƙaramar hukumar Batsari, yammacin jihar Katsina, a yankin da ya yi iyaka da Safana da dajin Rugu. Mazaunanta Hausawa ne manoma da Fulani makiyaya. Tun kafin zuwan asibiti da kotun zamani, mutanen wannan yanki suna da tsarin kwantar da hankalin wanda damuwa ta yi wa yawa da gyara zaman da ya ɓaci. Ba a ware mutum ɗaya da wannan aiki ba. An raba shi tsakanin dangi, aminai, malamai da masu sarauta, kowa da matakin da ake kai masa magana.

Matakin farko shi ne gida. Aure a ƙasar Hausa ƙulli ne tsakanin zuriya biyu, don haka waliyyan da suka ɗaura shi su ne ke da alhakin gyara shi. Idan zama ya yi tsami, mace takan yi yaji, ta koma gidan iyayenta ko na waliyyinta. Tafiyar tana ba ta damar hucewa, tana kuma fito da matsalar fili. Daga nan miji ya aika biko, galibi ta hannun wansa, kawunsa ko amininsa. Akan saurari kowane ɓangare shi kaɗai, sannan a haɗa su, a faɗa wa mai laifi laifinsa, a gindaya sharuɗɗan komawa. Gwaggo da kaka suna da muhimmanci a nan, domin kunya tana hana 'ya faɗa wa mahaifiyarta wasu abubuwa, musamman 'yar fari, amma da kaka akwai wasa, bakin jika kuwa a sake yake.

Bayan dangi akwai ƙawance da aminci. Mace takan ƙulla ƙawance da wadda za su riƙa biki tare, su riƙe sirrin juna. Namiji kuma yana da amininsa tun na ƙuruciya. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda irin wannan zumunci yake riƙe mace a lokacin kishi, rashin haihuwa da mutuwar aure. Baƙin cikin rashi ma yana da nasa tsari: zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, da takabar wata huɗu da kwana goma. Duk waɗannan suna hana a bar wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai a kwanakin da zuciya ta fi rauni.

Abin da ya fi ƙarfin gida sai a kai wa masu magani. Kafin jihadi, bori yana da ƙarfi a ƙasar Katsina, kuma yawancin masu zuwa girka mata ne da firgita, yawan kuka ko rashin barci suka addaba, ana danganta ciwon da iskoki. Malamai kuwa suna ba da rubutun sha da addu'a, suna haɗawa da nasiha kan haƙuri da yarda da ƙaddara. Bayan masu jihadi sun karɓi Katsina wajen 1807 ƙarƙashin Ummarun Dallaje, hanyar malamai ta samu goyon bayan hukuma, bori ya ja baya, sai dai ya ci gaba da ƙarfi a Maraɗi, inda sarakunan Haɓe suka koma. Yammacin Katsina ya zama bakin daga tsakanin ɓangarorin biyu a ƙarni na 19, garin Ruma kuma ya yi suna da mayaƙa. Mutanen da ke kwana cikin fargabar hari sun dogara ƙwarai ga dangi da liman don su jure rashi.

Matakin ƙarshe shi ne sarauta da shari'a. Magana takan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga nan zuwa hakimi: Sarkin Ruma a Batsari, Yariman Katsina a Safana. Rikicin gona da kiwo kuwa akan zauna da arɗo. Alƙali yana aiki da littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar na Khalil, kuma aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka. Saboda haka alƙali yakan mayar da ma'aurata wurin manyansu kafin ya raba aure. Turawa sun ci Katsina a 1903, suka bar wannan tsari ƙarƙashin hukumar En'e, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, hakimai suka zauna a gundumominsu. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikonsu. Abin da ya rage wa hakimi da dagaci shi ne sasanci, kuma har yau zaurukansu ba sa rabo da masu kawo ƙara.

Wannan tsari yana da rauninsa. Nauyin haƙuri ya fi faɗawa kan mace, wadda sau da yawa ake mayarwa ɗakinta ba tare da an magance dalilin yajin ba. Namiji kuma al'ada ta hore shi da cinye damuwarsa, domin an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ciwon da ke buƙatar likita akan ɗora shi kan sammu ko aljanu, har a kai ga ɗaure mara lafiya da mari.

Likitancin ƙwaƙwalwa na zamani ya zo a makare, ya kuma tsaya a birane. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu yayin jinya, abin da ya tabbatar da darajar dangi wajen warkewa. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau ta Kano, dukkansu da nisa daga Karare. Sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A ɓangaren addini, jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, ƙungiyoyin addini da Hisba kuma suka shiga sasanta ma'aurata da maƙwabta.

Jarrabawa mafi girma ta zo da ta'addancin 'yan bindiga daga dajin Rugu. Satar shanu, garkuwa da mutane da kashe-kashe sun tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana. Harin Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 na cikin waɗanda aka fi tunawa. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta gwada sulhu da 'yan bindigar a 2019, bai ɗore ba. Illar ta wuce asarar rai da dukiya, domin ta warwatsa mutanen da tsarin nasiha ya ginu a kansu. Matar da ta yi gudun hijira zuwa garin Batsari ko birnin Katsina ta rabu da gwaggo da ƙawa. Wadda aka sako daga daji tana ɗauke da abin da kunya ba ta bari ta faɗa, amincin da ke tsakanin manomi da makiyayi kuma ya yi rauni. Ciwon firgici irin wannan ya fi ƙarfin ban haƙuri kaɗai. Abin da yankin ke buƙata a yau shi ne ma'aikatan lafiya masu horo kan damuwa a asibitocin karkara, waɗanda za su yi aiki tare da limamai, dagatai da dattawan mata, tunda wurin waɗannan ne mutane suke fara kai kukansu.